Gidan Rainon da Na Kai Yarinyar Wata Bakwai Kafin Na Ajiye Aiki

Wata bakwai cur, daga farkon Fabrairu zuwa ƙarshen Agustan 2024, ina kai yarinyar wani gidan rainon yara da ke cikin ƙaramar hukumar Tarauni a Kano. Ina ajiye ta da ƙarfe bakwai da rabi na safe, in ɗauko ta bayan sallar La'asar. Na ce "yarinyar" ne domin ita ce ta fari, kuma duk karatun bokon da na yi bai kai ni ga kiran sunanta a bainar jama'a ba. Sunan gidan ma ba zan ambata ba, saboda a cikin abin da zan faɗa akwai yabo kuma akwai suka, kuma Hajiyar da ke da wurin ba ta yi mini abin da zai sa in taɓa mata sana'a ba. Mata da yawa, musamman abokan aikina na da, sun sha tambayata ko wurin yana da kyau, kuma idan yana da kyau me ya sa na cire yarinyar na koma gida na zauna. Wurin yana da kyau, na kuma cire ta, kuma babu ɗaya daga cikin maganganun nan biyu da ya ƙaryata ɗayan.

Abin da ya kai ni can ƙarancin hutun haihuwa ne. A lokacin ina aikin lissafin kuɗi a wani kamfani mai zaman kansa, kuma kamfanin bai ƙara ko kwana ɗaya a kan abin da sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tanada ba, wato mako 12, da rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa bayan an dawo. An yi mini sassauci na ci mako biyu kafin haihuwa da goma bayanta. Ke nan na gama wankan jego, aka yi arba'in, na dawo daga gidan iyayena, ban yi cikakken wata a ɗakina ba takardar komawa aiki ta iso. Da a ce ma'aikaciyar gwamnatin jihar Kaduna ce ni, inda aka mayar da hutun wata shida a 2019, ko ta jihar Legas, inda aka yi haka tun 2014, da wataƙila ban taɓa sanin ƙofar gidan rainon nan ba a wannan shekarar. Mahaifiyata tana Gumel, surukata kuwa shekaru da ciwon ƙafa sun hana ta ɗawainiyar jariri. Gidan da muke haya irin na yanzu ne, kowa da ƙofarsa a kulle, babu matar wa ko ƙanwar miji da za a miƙa wa goyo a ce "riƙe mini in dawo". An ba ni shawarar ɗauko 'yar aiki daga ƙauye, amma da aka kawo ta na ga ita kanta ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, sai na ji kunyar ɗora wa yarinyar da ya kamata a ce tana makaranta rainon jaririyar mako goma.

Gidan rainon falo ɗaya ne babba da ɗakuna uku da tsakar gida mai siminti, an yi mata rumfa. An ware ɗaki guda domin jarirai waɗanda ba su fara tafiya ba, ɗaya domin barcin manyan, ɗaya kuma ofishin Hajiya ne da wurin ajiye jakunkuna. Ta fuskar tsabta ba ni da abin cewa sai yabo. Ba a shiga ɗakin jarirai da takalmi, tagogi duka suna da raga, kowane gado da gidan sauronsa, kuma akwai buta da sabulu a bakin ƙofa waɗanda na ga ana amfani da su ko da masu rainon ba su san ina kallo ba. Sau biyu na je da tsakar rana ba tare da sanarwa ba, kuma abin da na tarar bai bambanta da abin da ake nuna wa baƙo ba. Kowane yaro yana da ɗan littafi da ake rubuta lokacin da ya ci, da lokacin da ya yi barci, da sau nawa aka canja masa famfas. Ba a ba kowa yaro sai wanda iyaye suka gabatar da kansu. Ranar da ƙanin maigida ya je ɗauko ta ba tare da mun sanar ba, a waje aka tsayar da shi har sai da aka kira ni, ya dawo yana fushi, ni kuwa ranar na ƙara ganin girman wurin. Jarirai ana kwantar da su ne a rigingine kamar yadda likitoci ke cewa, kuma Hajiya, wadda tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, takan duba katin rigakafi ta tuna wa uwa idan allurar mako 14 ko ta wata tara ta ƙarato.

Inda matsala ta fara shi ne wajen nono, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin duk mai niyyar kai jaririn da bai kai wata shida ba irin wannan wuri, wannan ce tambayar da ya kamata ta fara yi kafin ta tambayi kuɗi. Na ƙuduri niyyar shayar da nono zalla har wata shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ba ruwa ba koko. A ƙasar nan abin bai yawaita ba, domin binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun haka. Nakan tashi kafin Asuba in tatsa, in zuba a kofuna masu murfi, in jera a ƙaramar kula da ƙanƙara. Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar ita ce nonon da aka tatsa yana iya yin awa huɗu a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, ko kwana huɗu a firij. To, duk wanda ya san Kano a watannin Maris da Afrilu ya san ɗaki mai digiri 25 sai a mafarki, ga shi azumin wannan shekarar a cikin tsananin zafin ya faɗo. Gidan yana da firij, amma wutar lantarki ba ta tsayawa, janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ba a kunna shi sai zafi ya kai intaha. Sau uku a cikin Afrilu aka zubar da abin da na hana idona barci na tatsa, domin ya canja wari. A karo na uku, da yarinyar ta yi ta kuka, ɗaya daga cikin masu rainon ta ba ta ruwa da cokali. Da kyakkyawar niyya ta yi, kuma ba ta ɓoye ba, ta rubuta a littafi, amma abin da na ce kada a yi shi ne aka yi. Rabin awar nan sau biyu da doka ta ba ni kuwa ba ta da wani amfani ga wadda za ta hau adaidaita sahu ta ratsa cunkoson gari ta je ta dawo, domin kafin in isa lokacin ya ƙare.

Masu raino biyu ne a ɗakin jarirai, jariran kuma tsakanin tara zuwa goma sha ɗaya, gwargwadon ranar. A Ingila, ƙa'ida ita ce babba ɗaya ga yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu. Ban kawo wannan domin in ce Hajiya ta yi koyi da Ingila ba, domin da ta yi haka babu wata a cikinmu da za ta iya biyan kuɗin. Na kawo shi ne domin a gane abin da hannu biyu ke iya yi. Idan jarirai biyar suka fashe da kuka lokaci ɗaya, mai raino za ta goya ɗaya, ta rungumi ɗaya, ta jijjiga gadon na uku da ƙafa, sauran biyun kuwa sai haƙuri. Na tsaya a bakin taga na ga hakan da idona, kuma ban ga mugunta ko sakaci a fuskar kowa ba, gajiya kawai na gani. Jariri a wurin ana ɗaukarsa ne idan ya yi kuka, wanda ya yi shiru kuwa a gado yake wuni. Tawa mai haƙuri ce, saboda haka yabon da ake yi mata kullum shi ne "ba ta da rigima, Anti", kuma ya ɗauke ni lokaci kafin in fahimci cewa ma'anar wannan yabo ita ce ita ce aka fi bari a kwance.

Abin da ya fi taɓa ni bai shafi tsabta ko abinci ba. Akwai wata matashiya cikin masu rainon da yarinyar ta shaƙu da ita ƙwarai, har ta kai idan na kai ta da safe takan miƙa mata hannu tun daga bakin ƙofa. Da fari na ji wani abu mai kama da kishi, daga baya na gode wa Allah da ta sami wadda take jin daɗinta. A watan Yuni matashiyar ta sami aikin da ya fi wannan albashi a wani shago, ta tafi, kuma babu mai ganin laifinta. Mako biyu yarinyar ta yi ba ta cin abin kirki, da dare kuma sai ta farka ta maƙale a jikina kamar za a ƙwace ta. Aka kawo wata, ita ma ba ta yi wata biyu ba aka ɗaura mata aure. A cikin wata bakwai hannu uku ne suka yi rainonta. Da na yi wa Hajiya magana, ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce: "'Yata, abin da kuke biya shi nake rabawa, haya da mai da albashi. Idan na ƙara musu sai na ƙara muku, idan na ƙara muku sai ku kwashe yaranku. Ni tsare yaro nake yi har uwarsa ta dawo, ban taɓa ce wa kowa zan zama uwarsa ba." Wannan ita ce magana mafi gaskiya da na ji a kan sana'ar, kuma daga bakin mai sana'ar ta fito.

Akwai ƙananan abubuwa da zan ambata a gurguje. Talabijin ɗin falo yana kunne yawancin yini idan akwai wuta, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, manyansu kuma kada su wuce awa ɗaya. Masu rainon suna yi wa yara magana da guntun Turanci, wai iyaye ne suka nema, sai ga yaro ya wuni bai ji Hausa mai daɗi ba, bai kuma ji Turancin kirki ba. Mura da gudawa kuwa zagaye suke yi, idan ɗaya ya kama sai sun bi kowa. Sau biyu muka kwana muna dama ruwan gishiri da sukari, sau ɗaya kuma har sai da aka kwantar da mu a asibiti. Wannan ba laifin gidan ba ne kaɗai, halin tara jarirai a ɗaki ɗaya ne, sai dai ƙa'idarsu ta cewa kada a kawo yaro mai zazzaɓi a rubuce take kawai, domin uwar da shugabanta ba zai ba ta izini ba takan ba da magani da safe ta kawo shi ta wuce.

Da yake lissafi ne sana'ata, wata rana bayan sallar Isha'i na zauna na yi wa kaina. Kuɗin raino na wata, da famfas ɗin da ake ƙararwa fiye da na gida, da adaidaita sau huɗu a rana, da magani, da abincin da muke saye a waje saboda na dawo a gajiye, da na haɗa su sai na ga abin da ke saura daga albashina bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A daidai lokacin ne, a Yulin 2024, aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma na tuna na yi tunanin cewa mai karɓar wannan adadi, idan ta bi hanyar da na bi, kusan aikin banza take yi wa masu adaidaita. Saboda wannan ɗan saura nake barin yarinyar awa tara a rana. Ranar da ta fara rarrafe, a bidiyon WhatsApp na gani ina zaune gaban kwamfuta, na kalla sau da yawa, kuma a nan na gane taura biyun da nake ƙoƙarin taunawa ba za su taunu ba.

Ba na so a ɗauki wannan sharhi a matsayin wa'azi ga matan da ke fita aiki. Ayar da muke yawan kawowa, ta 233 a Suratul Baƙara, ta ambaci shayarwar shekara biyu cikakku ga wanda ya so cikawa, ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba, sannan ita ce kuma ta ce babu laifi a ba da yaro a shayar da shi idan an biya abin da aka yi alkawari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hannun Halimatus Sa'adiyya ya yi ƙuruciyarsa ta farko. Mu ma a al'adarmu akwai riƙo, akwai kai yaro wurin kaka idan za a yaye shi. Bambancin shi ne, a duk waɗannan, hannu ɗaya ne sananne yake riƙe yaron na tsawon lokaci, ba hannun da ke canjawa duk bayan wata biyu ba. Kuma ina sane da cewa likitar da ta karɓi haihuwata mace ce mai 'ya'ya, da ta zauna a gida da namiji ne zai tsaya a kaina. A cikin iyayen da muke haɗuwa a ƙofar gidan rainon akwai wadda mijinta ya rasu, akwai wadda aka saka da yara uku, akwai ma'aikatan jinya masu aikin kwana. Su waɗannan, gidan Hajiya rahama ne a gare su, kuma wanda ya ce su zauna a gida sai ya faɗi wanda zai ciyar da su.

Ni dai Allah Ya ba ni zaɓi, na kuma zaɓa. Kafin in miƙa takardar ajiye aiki mun zauna da maigida mun yi magana a fili, domin na ga matan da suka bar albashi suka koma roƙon kuɗin sabulu. Muka yi yarjejeniya cewa kuɗin da muke biyan gidan raino da na adaidaita zai riƙa shiga asusuna kowane wata, ban da cefane. Na yi asarar abubuwa, kuma ba zan ɓoye ba. Kashi 10 cikin ɗari da kamfani ke zubawa a asusun fanshona bisa dokar 2014 ya tsaya, hira da abokan aiki ta yanke, kuma akwai ranakun da nakan wuni ban yi magana da babba ko ɗaya ba sai maigida ya dawo. Zaman gida da jariri aiki ne mai gajiyarwa wanda ba a tashi daga gare shi. Yanzu ina riƙe wa wasu mata biyu masu sayar da atamfa da kayan kicin littafin cinikinsu ta waya, idan yarinyar ta yi barci. Ba sabon abu ba ne, domin kakata a cikin gida ta yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa har ta sayi awaki ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki, goyo a bayanta.

Abin da na samu a madadinsu ba shi da shafi a littafin lissafi. Na san kukan yunwa daga na barci tun kafin ya yi ƙarfi. Zazzaɓi nakan ji shi a bayana tun bai bayyana a fuska ba. Ta ci gaba da shan nono yadda take so, ciwon da ke zagayowa kowane wata ya yi sauƙi, kuma kalmominta na farko da Hausa suka fito, a gabana. Idan ta miƙa hannun hagu ga abinci ina nan in juya mata na dama in yi mata Bismillah, sau goma a yini idan ta kama, kuma irin wannan maimaici ne mai raino mai jarirai biyar ba ta da lokacinsa, komai kirkinta. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma a wannan fanni na gwada duka biyun.

Ga mai tambayar ko ta kai nata wannan gida ko irinsa, idan yaron ya haura shekara biyu, an yaye shi, yana tafiya yana iya faɗin abin da ke damunsa, ina ganin rabin yini a wurin zai amfane shi, domin manyan yaran da na gani a tsakar gidan suna cikin walwala, suna koyon zama da 'yan'uwansu da jiran layi da gaisuwa. Idan kuwa jariri ne da bai kai wata shida ba, ba na ba da shawara sai ga wadda ba ta da wata hanya. Ita ma kafin ta biya ta ƙirga gadaje ta ƙirga masu raino da idonta, ta tambayi wadda ta fi daɗewa a cikinsu shekararta nawa a wurin, ta buɗe firij ta taɓa ta ji ko da sanyi da ƙarfe biyu na rana, ta kuma nemi wurin da ke kusa da ofishinta, ba kusa da gidanta ba, domin rabin awar shayarwar ta yi amfani.

Ranar da na je kwashe kayanta, Hajiya ta raka ni har bakin titi, ta ce tana tara kuɗin sa sola domin firij da fankoki, kuma idan an yaye yarinyar in dawo da ita ajin safe. Na ce mata in Allah Ya kai mu zan dawo, amma firij ɗin zan fara buɗewa kafin mu gaisa, ta yi dariya ta ce ta yarda.